Wusasa a Zamanin Yaƙin Bama

Wanda ya fita daga birnin Zazzau ya nufi yamma, ya bar ganuwa a bayansa, dutsen Kufena na gabansa, ba zai daɗe yana tafiya ba sai ya iske Wusasa, ƙauyen da mishan na C.M.S. suka koma a shekarar 1929, bayan sun shafe shekaru a cikin birni tun zamanin ɗan mishansu Likita Mila. A nan suka gina majami'ar Bartalamawus da tubali da azara, bisa tsarin ginin Hausa, har baƙo yakan ɗauka soron wani basarake ne, in ba don ƙararrawa ba. Jama'ar wurin kuwa, ko da yake addininsu ya bambanta da na maƙwabtansu, ba su bar riga da hula ba, ba su bar tuwo da fura ba, balle gaisuwa da durƙuso da kunyar surukai, kuma da Hausa suke ibadarsu, musamman tun da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke a harshen a 1932.

Al'adarsu ta ranar Lahadi ba ta da wuyar bayani. Tun daren Asabar mata sun gama daka da wanki, da safe a yi wa yara wanka a shafe su da mai, in an kaɗa ƙararrawa kowa ya nufi sujada, a rera waƙoƙi, a karanta Zabura da Linjila, a ji wa'azi, a ba da baiko, sa'an nan a fito farfajiya a tsaya gaisawa, wadda sau da yawa takan fi wa'azin kansa tsawo. Da kaka kuma akan kawo damin dawa da gyaɗa da kaji gaban majami'a don godiya ga Ubangiji, da Kirsimeti a aika wa maƙwabta Musulmi da tuwo da nama, kamar yadda su ma sukan aiko da nasu ranar Salla.

A kan wannan zama ne yaƙin Hitila ya sauka a 1939, a zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, kuma da fari ba a ɗauke shi komai ba face fitinar Turawa a can ƙasarsu. Amma da aka fara ɗibar samari zuwa barikin horon soja na Zariya, aka tura wasu Habasha su yaƙi Italiya, daga baya aka kwashi runduna ta 81 a jirgin ruwa zuwa Indiya a 1943, ta 82 ta bi bayanta, suka kutsa dazuzzukan Bama suna fafatawa da Japanawa a kwarin kogin Kaladan, sai al'amarin ya tashi daga hira ya zama na cikin gida. Gishiri ya yi wuya, kananzir ya zama sai an roƙa, yadi ya yi tsada har amare suka rage lefe, hukuma kuma ta matsa a noma gyaɗa, ta kuma tilasta wa talakawan lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihin waɗannan shekaru, wanda kuma ban ga an ba shi haƙƙinsa ba, shi ne yadda karatun boko, wanda a da shi ne abin da ake yi wa mutanen mishan gori a kansa, ya wayi gari ya zama abin da ake zuwa nema a ƙofarsu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, ita ce babbar hanyar labari, kuma duk wanda ya iya karanta ta ya zama malamin unguwa, ko da kuwa yaro ne ɗan makaranta. Haka nan wasiƙun soja. Sai ka ga tsohuwa ta taso daga ƙauye da takarda ƙulle a bakin zanenta, ta yi sallama, ta zauna a gefen tabarma, ta ce, "Ɗana, duba mini, ka karanta a hankali, kada ka ɓoye mini komai." Shi kuwa ya ce, "To, Inna," ya karanta gaisuwa mai yawa, da tambayar damina, da umarnin a ba wance sule biyar, alhali ba a faɗi inda marubucin yake ba, domin hukumar soja ba ta yarda a ambaci wuri. In ya kai ƙarshe sai ta ce ya sake daga farko, ta tambaye shi ko hannun ɗanta ne ko wani ya rubuta masa, abin da mai karatun ba shi da ikon sani.

A cikin majami'a kuwa addu'a ta ƙaru da sunayen waɗanda suka tafi, ana roƙa musu kariya tare da Sarkin Ingila, kuma masu wa'azi suka yawaita jawo ƙissar Dawuda da Jaluta. In labarin rasuwa ya zo, ga shi babu gawa babu kabari, sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida kamar yadda aka saba, a yi zaman makoki, Kirista da Musulmi su zo ta'aziyya da lafazi kusan iri ɗaya, na haƙuri da miƙa al'amari ga Allah, mata kuma su shigo da ƙwaryar kunu.

Yaƙi ya ƙare a 1945, amma galibin sojan Bama ba su taka ƙasarsu ba sai a 1946, suka dawo da lambobin yabo da ɗan Turanci da labaran damina marar yankewa, wasu sun koyi tuƙin mota, wasu aikin asibiti, da yawa kuma suka iske aikin da suka sa rai za a ba su bai samu ba, suka koma gona.