Insha'in Neman Shiga Shirin Binciken Kimiyya A Amurka: A Bar Yaro Ya Rubuta Da Kansa

Kowace shekara, idan makarantu suka tashi dogon hutu a ƙasar Amurka wajen ƙarshen watan Yuni, yara kimanin 100 'yan sakandare sukan taru a jami'ar MIT da ke birnin Cambridge, cikin jihar Massachusetts. Sukan yi mako 6 a can ba tare da iyayensu sun biya kuɗin karatu ko na abinci ko na wurin kwana ba. A makon farko ana yi musu lacca ba ƙaƙƙautawa, sa'an nan a sauran mako 5 a haɗa kowane yaro da wani masani wanda zai kula da shi, ya ba shi aikin bincike na gaske irin wanda amsarsa ba ta cikin littafin makaranta. Sunan shirin Research Science Institute, amma an fi saninsa da RSI. Waɗanda ake ɗauka su ne masu sauran shekara ɗaya su gama sakandare, watau 'yan aji 11 a tsarin Amurka, wanda ya yi daidai da SS2 a wurinmu, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku daga ƙasashen waje suke zuwa.

An fara shirin a shekarar 1984. Waɗanda suka kafa shi su ne Hyman Rickover, babban hafsan sojan ruwa wanda ya jagoranci ƙera jirgin ƙarƙashin teku na farko mai aiki da nukiliya, da wata mata mai suna Joann DiGennaro. Cikin yaran da suka bi ta wurin akwai Terence Tao na ƙasar Ostireliya, wanda ya halarta a 1989, ya kuma karɓi lambar Fields, mafi girma a fannin lissafi, a 2006. Akwai kuma Feng Zhang na 1999, ɗaya daga cikin waɗanda suka nuna a 2013 cewa ana iya gyara ƙwayoyin gado na mutum da dabarar CRISPR.

Masu nema sun fi dubu nesa ba kusa ba. Ana neman sakamakon jarrabawa, da takardar shaida daga malamai, da kuma insha'i da yaron zai rubuta. To, idan kowa ya zo da maki mai kyau, maki ba zai iya raba gardama ba. Abin da ya rage a hannun masu zaɓe shi ne abin da malamai suka faɗa a kan yaron, da abin da shi ya faɗa da bakinsa. Babbar tambayar kuwa ita ce ya zaɓi fanni biyu na kimiyya da yake so ya yi bincike a ciki, ya bayyana wace matsala ce a cikinsu take damunsa, da dalili.

Wannan tambaya ta tuna mana da halin Rickover kansa, gama ba ya ɗaukar hafsa aiki sai ya zauna da shi ido da ido. Jimmy Carter, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya ba da labarin yadda ya zauna gabansa a 1952 fiye da awa 2. Rickover ya bar shi ya zaɓi duk abin da yake so su tattauna. Carter ya zaɓi waɗanda yake ganin ya fi sani, irin su kiɗa da adabi da dabarun yaƙin ruwa, amma a kowane ɗaya sai tsohon ya yi ta zurfafa tambaya har ta bayyana cewa sanin nasa bai kai inda yake zato ba. Rickover ya rasu a 1986, amma insha'in RSI yana yin aiki iri ɗaya: an ba yaro dama ya zaɓi filin da zai tsaya, domin a ga zurfin rijiyarsa.

Bari mu kawo misali daga abin da muke gani a gidajenmu. A ce yara biyu sun zaɓi fannin fiziks. Na farko ya rubuta cewa tun yana ƙarami yake ƙaunar kimiyya, burinsa ya taimaki 'yan Adam, ya kuma ambaci sunan Einstein sau uku. Babu ƙarya a ciki, amma yara ɗari biyar za su iya sa hannu a ƙarƙashin wannan takarda ba tare da an canza kalma ɗaya ba. Ta biyu ta rubuta cewa ta lura ruwan randar kakarta yakan yi sanyi ƙwarai da hunturu, amma da damina bai cika sanyi ba. Ta aro ma'aunin zafi daga makaranta, ta riƙa auna ruwan safe da rana har mako uku. Ta karanta ta gane cewa ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu shi ne yake tafiya da zafi sa'ad da yake bushewa, kuma iska mai laima ba ta barinsa ya bushe da sauri. Sa'an nan ta faɗi inda ta makale: randa biyu masu girma ɗaya sun ba ta sakamako dabam, tana zaton ƙananan ƙofofin yumɓun ne suka bambanta, amma ba ta da hanyar auna su, kuma abin da take so ta koya ke nan. Mai karanta wannan ya ga yarinya mai lura, mai aunawa, mai karatu, wadda ba ta jin kunyar cewa ga iyakar abin da ta gane. Irin wannan ce masani zai yarda ya ajiye a ɗakin gwaje-gwajensa har mako 5.

Saboda haka mun fi son tambaya ƙarama wadda yaro ya riƙe da hannu biyu, a kan babba wadda ya ji a rediyo. Wanda ya ce zai kawar da cutar daji bai faɗi kome ba. Wanda ya ce yana so ya san dalilin da ya sa wani magani yakan daina aiki bayan 'yan watanni, ya kuma nuna abin da ya karanta a kai, ya fi shi kusa da ƙofa. Lambobin yabo da yaro ya ci akwai wurin rubuta su a cikin fom, kada ya cinye insha'insa da jera su. Kuma akan ƙayyade tsawon kowace amsa, don haka doguwar gaisuwa da manyan kalmomin Turanci na burge malami hasarar wuri ne kawai.

Yanzu ga maganarmu da iyaye, da kawunai masu ilimi, da yayye da suke jami'a. Mun san ƙaunar da take sa uba ya karɓi takardar ɗansa ya ce bari in gyara maka, kafin a ankara ya sake rubuta ta daga sama har ƙasa. Tun daga ƙarshen 2022 kuma, da ChatGPT ya fito, jarabar ta ƙaru, gama cikin minti ɗaya na'ura za ta ba da insha'i sumul ba kuskure. 'Yan'uwa, miƙa rubutun wani da sunan yaro shaidar zur ce, ko da uba ne ya rubuta, kuma yaron da aka koya masa haka yana ɗan shekara 16 zai ɗauka hanya ce. Ban da wannan ma, dabarar ba ta cika biyan bukata ba. Mutanen da suke karanta ɗaruruwan takardu sun saba da muryar ɗan sakandare, sun kuma san ta mutum mai shekara 50. Rubutun na'ura kuwa yana da santsi, amma bai san randar kakar kowa ba.

Akwai taimakon da ya halatta, yana da yawa kuwa. A zauna da yaro a sa ya bayyana tambayarsa da baki, da harshen gida, kamar yana yi wa ƙanensa bayani. Inda ya yi tuntuɓe, nan ne bai gane ba tukuna, sai ya koma karatu. A karanta abin da ya rubuta a nuna masa layin da ba a fahimta ba, a ce me kake nufi a nan, amma a bar shi ya nemo kalmar da kansa. Kuskuren rubutu da na nahawu ana iya nuna masa. Wannan yana bukatar makonni, shi ya sa ya kamata a fara tun da wuri, domin akan rufe karɓar takardu watanni da yawa kafin Yuni.

Game da takardar shaida, sau da yawa iyaye sukan zo wurinmu ma'aikatan ikkilisiya a rubuta wa yaro cewa mai ladabi ne, yana cikin ƙungiyar mawaƙa. Muna murna da yin haka inda ya dace, amma a nan malamin lissafi ko na kimiyya ake bukata, wanda zai iya faɗin ranar da yaron ya yi tambayar da ta tsayar da aji. A ba malamin lokaci isasshe, a kuma nuna masa insha'in domin maganarsu ta zo daidai.

'Yan ƙasashen waje suna da tasu hanyar neman RSI, yawanci ta hannun hukumar da take wakiltar shirin a ƙasarsu. Akwai kuma wani shirin da ya girme shi, Summer Science Program, wanda aka fara a Kalifoniya a 1959, shekara 2 bayan Tarayyar Soviet ta harba Sputnik. A can akan haɗa yara uku-uku su ɗauki hoton wani dutsen sararin sama da madubin hangen nesa, su lissafta hanyar da yake bi wajen kewaya rana. Shi ana biyan kuɗi, amma akwai tallafi ga marasa hali, yana karɓar 'yan ƙasashen waje, kuma shi ma sai an rubuta insha'i.

Wanda aka ɗauka a RSI bai rabu da alƙalami ba. A makon ƙarshe kowane yaro zai rubuta rahoton bincikensa irin na masana, sa'an nan ya tsaya gaban jama'a ya bayyana abin da ya gano, ya amsa tambayoyinsu nan take.