Aikin dare: Yadda ƙaramin saiti a kwamfuta ke iya riƙe albashin dubban ma'aikata

A watan Satumban 2021, lokacin mulkin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Malamin makaranta a 'Yargoje ya daina jin ƙarar alat, mai POS ya jingine na'urarsa, har sai da aka maido da layukan a watan Disamba.

Sai dai duk kuɗin da aka tura wa mutum a wannan tsakani suna shiga asusunsa, ko ya sani ko bai sani ba. Dalili kuwa shi ne wayar hannu mai kawo labari ce kawai. Ainihin aikin yana gudana ne a manyan kwamfutocin bankuna da na gwamnati, kuma wani ɓangarensa cikin dare.

Saboda haka ba kowane jinkiri ba ne laifin "netwok", kamar yadda aka saba faɗa wa mutane a bakin kanta. Wani lokaci matsalar tana can cikin aikin daren, kuma tana iya tasowa daga layi guda na rubutu.

Wane ne ke aikin daren?

Banki yana da ayyuka masu yawa da ake maimaitawa kullum: rufe lissafin rana, ƙididdige kuɗin ruwa, cire kason bashi, daidaita ciniki da sauran bankuna, da zuba albashi a asusun ma'aikata. Haka ma tsare-tsaren gwamnati irin su IPPIS, wanda aka fara a 2007 domin biyan ma'aikatan tarayya, suna sarrafa dubban sunaye a tashi ɗaya.

Ba a barin irin waɗannan ayyuka a hannun mutum ya riƙa danna maɓalli. Akwai manhajoji na musamman masu tsara jadawali, kamar Control-M da AutoSys da CA-7, da kuma kakansu mai sauƙi da ake kira cron, wanda ya zo da tsarin Unix tun shekarun 1970.

Aikin manhajar ya yi kama da na shugaban tasha. Ita ke cewa wannan aiki zai tashi ƙarfe goma sha biyu, wancan kuma ba zai motsa ba sai na gabansa ya kammala lafiya. Ayyukan a ɗaure suke da juna, ta yadda idan na farko ya tsaya, duk na bayansa za su yi cirko-cirko.

Takardar da ake bar wa ɗan aike

Kowane aiki idan ya tashi, yana buƙatar ya san inda yake. Ana sanar da shi ta wasu gajerun bayanai da masana ke kira bayanan muhalli. Kowanne suna ne da abin da aka ajiye a ƙarƙashinsa, kuma a siffarsu ta yanzu sun bayyana ne a Unix na shekarar 1979.

A ɗauki misalin ɗan kasuwar hatsi da ya ce wa yaronsa, "Ka kai buhunan nan sito." Umarnin bai canzawa. Amma wane sito? Ina makulli? Da wace mota? Idan maigida zai yi tafiya, sai ya rubuta amsoshin a takarda ya liƙa a ƙofar shago. Wannan takarda ita ce bayanan muhalli.

Wanda ake kira PATH yana nuna wa aiki wuraren da zai nemo kayan aikinsa. HOME yana nuna masa ɗakin ajiyarsa. TZ yana gaya masa agogon da zai bi. Kamfanoni kuma suna ƙara nasu, kamar adireshin rumbun bayanai da kalmar sirrin shiga cikinsa.

Amfaninsu a fili yake: manhaja ɗaya tana iya aiki a wurare daban-daban ba tare da an sake rubuta ta ba, takardar kawai ake canzawa. A nan kuma haɗarin yake.

Hanyoyi uku da ake tuntuɓe

Na farko shi ne aikin da ke tafiya da rana ya ƙi tafiya da dare. Idan injiniya ya gwada aiki da hannunsa, aikin yana gadon duk saitin da ke kan asusunsa. Amma idan cron ya tayar da shi da tsakar dare, 'yan bayanai kaɗan yake ba shi. Sai aikin ya nemi wani kayan aiki ya rasa, ya tsaya. Da safe injiniyan ya rantse cewa jiya ya gwada, kuma gaskiya ya faɗa.

Na biyu shi ne agogo. Kwamfutoci da yawa suna bin agogon duniya na UTC, Najeriya da Nijar kuwa suna gabansa da awa ɗaya. Aikin da ya tashi ƙarfe 12:30 na daren shiga 1 ga wata a Katsina, idan ba a saita masa agogon Najeriya ba, zai ga cewa har yanzu ƙarfe 11:30 ne na ranar ƙarshen watan jiya. Awa ɗaya ta isa ta jefa ciniki cikin watan da ba nasa ba.

Na uku shi ne rikita rumbu. Kowace cibiya mai tsari tana da rumbun gwaji mai ɗauke da bayanan bogi, da rumbun gaske mai ɗauke da kuɗin jama'a. Sau da yawa layi ɗaya ne ke bambanta su. Idan ya nuna rumbun gwaji, manhaja za ta ba da rahoton cewa an biya, alhali babu asusun da ya ga ko kobo. Idan kuma gwaji ne ya faɗa rumbun gaske, ana iya biyan kuɗi sau biyu.

Irin wannan kuskure ya fi samun ƙofa a lokacin sauyi, wato idan ana sabunta manhaja ko ana ƙaura zuwa sabuwar kwamfuta, domin an fi tunawa da kwashe manyan kaya a manta da takardar da ke liƙe a ƙofa.

Darasi daga Birtaniya

A watan Yunin 2012, wani sabunta manhajar CA-7 da aka yi a rukunin bankunan RBS ya lalata jadawalin aikin dare. Abin ya shafi RBS da NatWest da Ulster Bank, inda kimanin mutum miliyan 6.5 suka shiga matsala. Albashi bai bayyana ba, biyan kuɗi ya tsaya, kuma masu hulɗa da Ulster Bank sun shafe makonni kafin lamura su daidaita. A 2014 hukumomin ƙasar suka ci rukunin tarar fam miliyan 56.

Akwai kuma ɓangaren tsaro. Tunda ana yawan ajiye kalmomin sirri a bayanan muhalli, ɓarayin intanet suna farautarsu. A 2021 masu kutse sun sauya wani kayan aikin kamfanin Codecov domin ya riƙa kwasar irin waɗannan bayanai daga kwamfutocin abokan cinikinsa. A watan Janairun 2023 kamfanin CircleCI ma ya umarci masu amfani da shi su canza duk makullansu bayan an yi masa kutse.

Abin da ya rage ga mai asusu

Ga shugabannin ma'aikatu da bankuna, maganin sananne ne: a rubuta kowane saiti a wuri guda, kada mutum ɗaya ya canza shi ba tare da wani ya duba ba, a gwada aiki a yanayin da zai gudana da dare, a kuma sa ƙararrawar da za ta tayar da ma'aikaci idan aiki ya tsaya. Ya kamata a guji yin babban sauyi a makon biyan albashi.

Ga ɗan kasuwa da ma'aikaci kuwa, rashin alat ba shi ne rashin kuɗi ba, haka kuma takardar da ke cewa an tura ba ita ce shaidar sun iso ba. A duba asusu kafin a saki kaya, a ajiye rasit mai lambar ciniki da kwanan wata.

A watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade awa 48 don maido da kuɗin da suka maƙale a ATM na wani banki, da awa 72 ga na POS. Idan wa'adi ya wuce, a kai koke a rubuce ga banki, in bai warware ba a garzaya sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin. Mai asusu a 'Yargoje yana da wannan haƙƙi daidai da na Abuja.