Akwatin Ƙara Sautin Jita: Shawara Ga Samari Masu Koyo A Gida

Ƙasar Zamfara ta arewa ba baƙuwar kiɗa ba ce. A Tubali ta wajen Shinkafi aka haifi Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, Zurmi kuwa ita ta ba da Kassu Zurmi mai waƙar 'yan tauri. Waɗannan mutane sun cika fage da kotso da kalangu da ƙarfin maƙogwaro, ba su taɓa zama jiran a kawo wuta ba. Tun da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929 baƙin kaya su ke ta shigowa ƙasar, daga garmaho zuwa akwatin rediyo, har ga shi yau an kai ga jita mai aiki da lantarki. Masu kaɗa ta ba su da yawa, amma akwai su: wasu ɗalibai ne a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ƙaura a 1983, wasu mawaƙan coci ne, wasu kuwa samari ne da su ka ji kiɗan Abzinawa na Nijar a wayoyinsu, sha'awa ta kama su.

Wannan sha'awa tana da dalili. Mdou Moctar, Ba'abzinen jihar Tawa wanda yanzu ya ke cika manyan zauruka a Amurka da Turai, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma a nan Sakkwato ya ɗauki faifansa na fari mai suna Anar a 2008. Daga waya zuwa waya waƙoƙin su ka bi kasuwanni har su ka ƙetare hamada. Yaron da ya ji wannan labari a Zurmi, ga iyakar Nijar kusa da shi, ba za a ga laifinsa ba in ya ce shi ma zai gwada.

To, ita jitar lantarki ba ta da ƙoƙo irin na molo ko gurmi da zai amsa sauti. Gungumen katako ce kawai. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla; in tsirkiya ta kaɗa, sai wata 'yar wuta ƙanƙanuwa ta taso cikin wayar. Wannan 'yar wuta ita a ke kai wa akwatin da a ke kira amfilifaya, shi kuwa ya ƙarfafa ta ya miƙa wa lasifika. Watau wanda ya sayi jita bai sayi akwati ba, rabin kaya ya saya. A nan ne kuwa yawancin masu koyo su ke yin asarar kuɗinsu, domin tambayar da su ke fara yi wa mai kanti ita ce, wat nawa ne? A ganinmu wannan ita ce tambayar da ta kamata ta zo daga ƙarshe. Wadda ta kamata ta zo da fari ita ce, da wace wuta zai yi aiki?

Bari mu fara kawar da maganar wat, watau ma'aunin ƙarfin akwatin. Kunnen mutum ba ya lissafi irin na 'yan kasuwa. In an ninka wat sau biyu, ɗan ƙari kaɗan kunne zai ji. Sai an ninka shi sau goma kafin mutum ya ce ƙarar ta ninka. Saboda haka akwati mai wat 100, wanda sai mutum biyu sun kama, ƙararsa ninki biyu ce kawai ta mai wat 10 wanda yaro zai rataya a kafaɗa. Wat ɗaya tak, in ya sami lasifika mai kyau, yana ba da ƙarar da ta kai desibel 90 ga wanda ke tsaye taku ɗaya daga gare shi, kamar dai babur ya wuce ta gabanka. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce abin da kunnen baligi zai jure ba tare da lahani ba shi ne desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, in ƙara ta haura haka sai lokacin ya ragu ƙwarai. Kunnen da ya mutu ba ya dawowa, kuma makaɗi da kunnensa ya ke ci. Turawa ma sun daɗe da gane wannan. Fender Champ da aka fito da shi a 1948 domin masu koyo bai wuce wat 5 ba, amma manyan makaɗa sun yi ta ɗaukar faifai da shi. Ɗaki ɗaya na ƙasa ko na bulo, wat 2 zuwa 10 ya ishe shi har ya yi saura.

Sai maganar wuta, wadda ita ce uwar al'amarin. Kowa ya san halin lantarki a garuruwan nan uku. Ranar da ta zo ba a san sa'ad da za ta tafi ba, wani lokaci ta zo raunana ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi, wani lokaci ta zo da hauka ta ƙone abin da ta tarar. Janareta kuwa, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ya zama abin da magidanci ke tayarwa da lissafi, ba zai ƙona mai domin ɗansa ya koyi kiɗa ba. Ba a manta kuma da Satumba na 2021 ba, sa'ad da Gwamnatin Jiha ta rufe kasuwannin mako ta hana sayar da mai a jarka saboda yaƙi da 'yan bindiga. Wanda ya dogara ga janareta a wannan lokaci, kayansa ado su ka zama. Shi kuwa koyon jita ba ya son yankewa. Rabin awa kullum ya fi awa biyar ranar da wuta ta ga dama, gama yatsu sai da maimaici su ke yin kanta su saba.

Domin haka shawararmu ita ce mai koyo ya nemi akwati mai cin batir. Ba sabon abu ba ne: tun farkon shekarun 1970 aka yi wani ɗan ƙarami a Amurka mai suna Pignose, mai batir shida. Yau akwai irinsu da dama. Roland Micro Cube, wanda ya fito a 2004, wat 2 gare shi, batir shida ƙanana irin na tocila ya ke ci, kamfanin kuwa ya ce su kan kai wajen awa 20. Blackstar Fly 3 wat 3 ne, Boss Katana Mini wat 7, su ma batir shida shida. Ba talla mu ke yi wa kowa ba, mun ambace su ne domin mai saye ya san irin abin da zai kwatanta wa ɗan aike, tun da ya ke sai an tura Kano ko kasuwar Alaba ta Ikko a ke samun yawancinsu. In aka haɗa da batura masu caji, sai a riƙa kai su wurin masu cajin waya na sola, waɗanda ba a rasa su a kowace unguwa.

Akwai wani amfanin batir da ya fi araha muhimmanci, shi ne tsaron rai. Tsirkiyoyin jita a haɗe su ke da jikin akwati ta cikin waya. Akwatin da a ke jonawa a bango yana bukatar waya ta uku, wadda ke bi da wuta cikin ƙasa in wani abu ya lalace a ciki. Gidaje nawa ne a Shinkafi ko Zurmi aka binne musu wannan waya? Sau da yawa ma a kan karya ƙafa ta uku ta fulogi domin ya shiga soket. In akwati ya sami matsala a irin wannan gida, wutar ba ta da hanyar bi sai ta hannun mai kiɗa, ga shi zaune ba takalmi a kan daɓe, ga gumi. Kada a ɗauka tsoratarwa ce. Keith Relf, mawaƙin wata shahararriyar ƙungiya ta Ingila mai suna Yardbirds, a cikin gidansa wuta ta kashe shi a 1976 yana kaɗa jitar da ba a haɗa mata wayar ƙasa daidai ba. Batir shida kuwa ƙarfinsu duka bolt 9 ne, ba su kashe ko ɗan tsako. Har ila yau, maganaɗisun jita yana da kwaɗayin ɗaukar gurnanin lantarki, wadda ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, balle ta ƙaramin janareta ko ta inbata mai araha. Mai batir ya huta da yawancin wannan gurnani.

Wanda duk da haka ya fi son na jonawa, to, ya juya bayan akwatin ya karanta abin da aka rubuta kafin ya biya. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Kayan gwanjo da yawa daga can su ke fitowa, kuma wanda ya jona na 120 a bangonmu ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, hayaƙi zai gani tun bai taɓa tsirkiya ba. Na Ingila ya dace da mu, har fuloginsa mai ƙafa uku irin namu ne. Haka kuma adafta: yawancin na Boss da Roland an juya musu kan wuta saɓanin na rediyo da sauran kayan gida, saboda haka ba kowace adafta mai bolt 9 da aka tsinta a kasuwa ce za a cusa musu ba.

Za a ji masana suna yabon akwati mai bawul, watau kwalaben nan masu haske irin na tsofaffin rediyo, suna cewa muryarsa ta fi ta taransista daɗi. Ba mu musa ba. Amma kayan marmari ne. Yana zafi, ba ya son wuta mai hawa da sauka, ba ya son jijjigar hanya, kwalabensa kuwa ƙasashe kaɗan ke yinsu, irin su Rasha da Sin da Sulobakiya, har da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 sai da su ka yi wuya a Turai kanta. Mai gyaran rediyo na bakin kasuwar Ƙaura zai iya duba na taransista. Na bawul in ya mutu, sai dai a ɗora masa buta.

Wasu su kan ce, me zai hana a jona jita a irin amfilifayar nan ta Ahuja ta wa'azi da taron biki, tun da tana aiki da batirin mota, ko kuwa a lasifikar bulutut ta sauraron waƙa? Za ta yi ƙara, amma an yi ƙofarta ne domin makirfo, muryar jita kan fito a dushe kamar mai mura. Ta bulutut kuwa tana jinkiri, sai ka taɓa tsirkiya sa'an nan sautin ya biyo baya, wannan kuwa yana ɓata wa mai koyo ma'aunin kiɗa tun daga tushe.

Yanzu sai maƙwabta, waɗanda mu ke ganin haƙƙinsu ya kai a tsaya a kansa. Gidajenmu katanga ɗaya ce ke raba su, tsakar gida kuwa a buɗe ta ke. Ga masallaci a kowane lungu, ga makarantar allo da asuba da dare, ga tsofaffi da marasa lafiya da masu jego. A 'yan shekarun nan kuma garuruwan sun ƙara cika da 'yan'uwa da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka, ɗakin da mutum biyu ke kwana ya koma na shida, kuma mutanen da su ka kwana suna kasa kunne ba su bukatar wata baƙuwar ƙara da tsakar dare. Jiha ce kuma da ta ke bin Shari'a tun shekarar 2000, mutane da yawa suna da ra'ayi mai ƙarfi a kan kiɗa. Hukuncin wannan na malamai ne, ba namu ba. Abin da mu ka sani shi ne, yaro ɗaya mai babban akwati ya isa ya sa a hana dukan sauran. Saboda haka kada a sayi akwatin da ba shi da kafar iyafis, watau abin sauraro na kunne, wadda in an cusa sai lasifika ta yi shiru. Akwai ma wani ɗan mitsitsi da Vox ke yi, amPlug, wanda a ke maƙala wa jikin jita, ba shi da lasifika sam, batir biyu ya ke ci. Ga ɗalibin da ke kwana ɗaki ɗaya da wasu, ba mu ga abin da ya fi shi ba. Sai dai a tuna iyafis ma yana kurmantarwa in an ƙure shi.

Game da murya, lasifika mai inci 3 ko 4 ba ta fitar da kaurin tsirkiyar ƙasa sosai, mai inci 6 ko 8 ta fi cika kunne, amma ta fi nauyi da cin wuta. Kada a jona musu jitar bes, takardar lasifikar za ta yage. Maɓallai masu yawa kuma kada su ruɗi kowa. Akwai wanda ke sa sauti ya yi ƙara-ƙara kamar ana tsaga kwano, samari suna sonsa domin yana rufe kuskure, mu kuwa saboda wannan dalili ne mu ke cewa a bar shi tukuna. Mai koyo yana bukatar tsabtatacciyar murya wadda za ta tona masa asiri duk sa'ad da yatsa ya zame. Kafar jona waya tana da amfani, domin a sa waƙa a riƙa bin ta.

In ana da halin zuwa kanti, a tafi da jitar da wayarta, gani ya kori ji. A kunna akwatin a bar shi shiru a saurari gurnaninsa, sa'an nan a murɗa kowane maɓalli a hankali. In ana jin ƙaras-ƙaras, ƙura ta shiga, a nemi ragi ko a bar shi. A girgiza kan wayar a cikin kafarta a ji ko sauti yana yankewa. A buɗe gidan batir a duba ko akwai farin gari ko tsatsa. Bayan an kai shi gida kuma a ɗinka masa riga saboda ƙurar hunturu, kada a bar shi kusa da kwanon rufi da bazara, in kuwa za a yi tafiya ta mako biyu ko fi, a cire baturan a ajiye su dabam, domin zafi kan sa su zubar da ruwa su cinye ƙarfen.