Tsohuwar Jagora Ce Ke Hana Termux Aiki a Wayoyin Masu Koyo

Matashin da ke son koyon Python a Likoro ba lallai ne ya mallaki kwamfuta ba. Abin da ke hannunsa shi ne Tecno ko itel, da datar da ya saya da guminsa, da cajin da ya biya kuɗinsa a shago. Irinsa ne Termux ta fi yi wa rana: manhaja ce kyauta da ke buɗe tagar umarnin Linux a cikin wayar Android.

Matsalar ita ce jagorar da zai fara cin karo da ita. Tsofaffin bidiyoyi da yawa cewa suke yi a je Play Store a sauke. A shekarar 2020 masu Termux suka daina sabunta ta a can, domin Google ya wajabta wa manhajoji bin ƙa'idojin Android 10, waɗanda suka hana manhaja kunna shirin da ta sauko da shi cikin ma'ajiyarta. To, aikin Termux ke nan gaba ɗaya. A Mayun 2021 kuma aka rufe Bintray, inda wasu rumbunan kayanta suke. Duk mai riƙe da tsohuwar, da ya rubuta pkg update sai kurakurai su cika masa allo. Shi kuwa sai ya ɗauka wayarsa ce ba ta da ƙarfi, ko shi ne bai da kai, ya haƙura.

Bidiyo ba ya gyaruwa, haka hoton allon da ke yawo a WhatsApp. Shafin wiki kuwa ana gyara shi, kuma yana ajiye tarihin wanda ya sauya kowane layi da ranar da ya sauya. Shi ya sa jagorar masu Termux ta koma nuna wa mutane F-Droid da GitHub, tare da umarnin termux-change-repo na sauya rumbu idan wanda ake amfani da shi ya mutu. Ta kuma yi gargaɗin da bidiyoyi kan tsallake: Termux da ƙarinta, irin su Termux:API, dole su fito daga wuri guda, saboda sa hannun kowane wuri daban ne. Idan aka haɗa na F-Droid da na GitHub, ba za su zauna tare ba, sai an goge duka an sake.

Misalan saiti sun fi saurin lalacewa. Fayil ɗin termux.properties, wanda ake ƙara maɓallai irin su ESC da CTRL da shi, yana cikin ~/.termux, kuma bayan gyara sai an rubuta termux-reload-settings. Amma WhatsApp na ɗaukar alamar ~ a matsayin umarnin ja wa rubutu layi, tauraro kuma na kaurara shi. Saƙo na iya isa hannun aboki alamomin sun ɓace daga gani, ya kwafa da ido, ya kwana yana neman inda ya yi kuskure.

Kula da irin waɗannan shafuka aiki ne marar farin jini, babu mai tafa wa wanda ya goge mataccen adireshi. Kuma ba ya ƙarewa: Android 12 ya zo da tsarin kashe ayyukan bayan fage idan sun wuce 32, Termux ta riƙa mutuwa da saƙon signal 9, aka sake komawa kan rubutu.

Jagorar Termux da Turanci take. Wanda zai rubuta ta Hausa don 'yan uwansa na Likoro, Hunƙuyi ko Makarfi, ya ajiye ta inda za a iya gyarawa, ya sa kwanan wata a samanta, ya faɗi wayar da ya gwada a kai da lambar Android ɗinta. Kafin ya tura wa kowa, ya goge Termux daga wayarsa, ya bi matakan da ya rubuta ɗaya bayan ɗaya daga farko.