Daga Shara Mansur zuwa Gwaram: harajin da ke bin sarƙar Hajiya

Idan jirgin alhazan Jigawa ya sauka a Dutse, motoci suka kwashi mutanen Birnin Kudu da Gwaram zuwa gida, masu zuwa barka da sauka sun san rabonsu: kurɓin zamzam, dabino, bagaruwa, carbi, wani lokaci hula. Mata kuwa akwai abin da suke dubawa ba tare da sun tambaya ba. Sai sun ga ko Hajiya ta sa haƙorin Makka, sannan su saci kallon wuyanta da hannunta. 'Yan shekarun nan abin da ido ke gani ya ragu ƙwarai, kuma duk wanda ya ce rowa ce ta kama hajiyoyi bai zauna ya yi lissafi ba.

Lokacin aikin hajjin 2019, ozar gwal, wato giram 31 da ɗan ɗori, tana wajen dala 1,500 a kasuwar duniya, harajin sayen kaya na VAT a Saudiyya kuma kashi 5 ne cikin ɗari. Mai dala 500 za a auna mata giram 11 na gwal mai lamba 21, kafin a sa kuɗin ƙira. Zuwa Oktoban 2025 oza ta haye dala 4,000, harajin kuwa tuni ya koma kashi 15. Dala 500 ɗin, wadda ita ce guzurin da aka ba alhazan Najeriya a 2024 da 2025, ba za ta sayi giram 4 ba. Kuma a cikinta ake son a fitar da tsarabar kishiya da ta maƙwabta.

Alhaji sau ɗaya yake jin zafin wannan haraji. Masu kwana da shi su ne Hausawan da ke zaune a can, waɗanda ake kira Takari, na Shara Mansur a Makka da na unguwannin Jidda irin su Sabil da Karantina, kafin rusau ɗin da aka soma a ƙarshen 2021 ya tarwatsa su. Saudiyya ba ta san VAT ba sai ranar 1 ga Janairu 2018, bayan faɗuwar farashin mai ta girgiza baitulmalinta. Da korona ta zo, man ya sake karyewa, ministan kuɗi Muhammad al-Jadaan ya sanar da ninka harajin sau uku daga 1 ga Yuli 2020. Kafin nan, a Yulin 2017, an ɗora wa baƙi masu iƙama, wato takardar izinin zama, riyal 100 duk wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsu, kuɗin da ya yi ta hawa har riyal 400. A Disambar shekarar kuma aka tilasta cewa 'yan ƙasa kaɗai za su tsaya a shagunan gwal.

Matar da ke aikatau a Jidda ba tare da takarda ba, banki ba zai buɗe mata asusu ba. Abin da ta tara takan mayar da shi zobe ko awarwaro, ta ɗaure a ƙullin zane, ta jira wata hajiya 'yar garinsu da za ta ba saƙo. Mai aikatau ɗin ce ke biyan kashi 15 ɗin nan cif, ba ragi.

A nan ne dokar ta yi abin da ya kamata a tsaya a duba. Saudiyya ba ta karɓar ko sisi a kan gwal, azurfa ko farin ƙarfen filatinam da tsarkinsa ya kai kashi 99 cikin ɗari, muddin irin wanda ake cinikinsa a kasuwar duniya ne, domin ta ɗauke shi jari. Haka dokar Hadaddiyar Daular Larabawa take. Gwal mai lamba 21 kuwa tsarkinsa kashi 87.5 ne, mai lamba 18 kashi 75, don haka a idon mai karɓar haraji ado ne, kamar turare ko takalmi. Attajirin da ya sayi sandar kilo guda ya fita salin alin. Mai wanke-wanken da ta sayi ɗan kunne na giram 3 ta biya.

Alhali a ƙasar Hausa sarƙar mace asusu ce. Kakanninta sun tara dukiya a jeren tasoshi da kwalla, a akuya da tunkiya; ita ta koma gwal saboda ba ya mutuwa, ba ya tsatsa, ba ya cin dusa. Ranar da ciwo ya kai wani Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko damina ta zo babu kuɗin taki, sarƙar ce ke hawa mota zuwa wajen 'yan gwal na Kasuwar Rimi a Kano. Can kuwa sikeli kawai ake dubawa. Mai saye ba ya mayar da kuɗin ƙira, ba ya mayar da harajin Saudiyya. Tun ranar da aka saya an riga an yi asarar su, sai dai tashin farashi ya rufe ramin.

Wani zai ce to ta sayi 'yar ƙaramar sanda mai giram 5 ko 10 mana, tunda shagunan suna sayarwa. Shawara ce mai kyau a takarda, kuma wasu sun fara bin ta. Sai dai sanda ba ta zuwa biki, ba ta ƙawata akwatin lefe, kuma abin da mutane suka gani a wuyan mace shekara da shekaru ba a cika musun cewa nata ba ne ranar da aure ya mutu ko aka zo rabon gado. Wannan shaidar tana cikin abin da take biya.

'Yan kasuwa tun tuni suka gane inda sauƙi yake. A Dubai harajin kashi 5 ne tun 2018, kuma daga Nuwambar shekarar baƙo na iya karɓo mafi yawansa a filin jirgi idan zai fita. Shi ya sa kasuwar gwal ta Deira ta zama gidan 'yan Dubai na Kano, har wasu suka zauna can suna yi wa na gida sayayya da aike. Sai siyasa ta rufe ƙofar. A Oktoban 2022 Daular ta daina ba 'yan Najeriya biza, kamfanin Emirates ya janye jiragensa saboda kuɗinsa da suka maƙale a Najeriya. Biza ba ta dawo ba sai 15 ga Yuli 2024, jirgin kuma sai 1 ga Oktoba. Kusan shekara biyu wanda ke da ɗan'uwa mazaunin Dubai shi ne mai hanya.

A gida ma ƙasa ba ta tsaya wuri ɗaya ba. An saki naira a Yunin 2023, daga wajen 460 kan dala ta zarce 1,500 a farkon 2024, kuma da wannan canjin kwastam ke ƙiyasta kuɗin fito. A 2025 hukumar ta ƙaƙaba ƙarin kashi 4 kan darajar kayan da ake shigowa da su a Fabrairu, ta janye cikin kwanaki, ta dawo da shi a Agusta, gwamnati ta sake dakatar da shi a Satumba. Harajin VAT na Najeriya yana kan kashi 7.5 tun Fabrairun 2020. Daftarin farko na gyaran haraji ya so ya haura da shi mataki-mataki har kashi 15, amma bayan jayayyar da gwamnonin Arewa suka shiga tsundum, dokokin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025 suka bar shi yadda yake.

Likitoci da ma'aikatan jinya da ɗalibai da ke Ingila su ma rabuwar nan suke gani: gwal na jari ba haraji tun shekarar 2000, sarƙa da azurfa kashi 20. Iyayen da ke zuwa bikin kammala karatu sun rasa damar karɓo harajinsu a filin jirgi tun 1 ga Janairu 2021, bayan Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai. A Amurka kuwa wasiƙa guda ta hukumar kwastam, wadda ta ce sandunan kilo ɗaya za su shiga cikin sabon kuɗin fito, ciki har da kashi 39 da aka ɗora wa Suwizalan, ta isa ta cilla farashi sama da dala 3,500 a New York ranar 8 ga Agusta 2025. Kwana uku bayan haka Shugaba Trump ya ce ba za a taɓa gwal ba.

Mutanen zango a Gana suna ɗaya bakin igiyar, wajen masu saye daga mahaƙa. Harajin kashi 3 da aka sa wa gwal ɗin ƙananan mahaƙa ya kora shi hannun 'yan fasa-ƙwauri, aka rage shi zuwa 1.5 a 2022, gwamnatin John Mahama ta soke shi a 2025. Amma ta kafa hukumar GoldBod, ta ba ta ikon saye da fitarwa ita kaɗai, ta ce duk baƙo ya bar kasuwar gwal ta cikin gida zuwa 30 ga Afrilu. Bahaushen Kumasi da aka haifa can ɗan ƙasa ne, zai iya neman lasisi. Ɗan'uwansa da ya zo da fasfon Najeriya ko na Nijar baƙo ne. A zangon da tsofaffi ba su manta korar baƙi da gwamnatin Busia ta yi a 1969 ba, kalmar baƙo ba ta shiga kunne da daɗi.

Wanda bai taɓa riƙe gwal ba ma abin ya same shi. Tun da aka ƙulle kuɗin Rasha a 2022, manyan bankunan ƙasashe suka riƙa sayen sama da tan 1,000 a shekara har shekara uku a jere, rikicin kuɗin fito na 2025 ya ƙara wa wutar farashi itace. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, giram 1 na gwal da ɗan ɗori. A 2019 bai kai naira 20,000 ba; a Oktoban 2025 ya doshi 200,000. Nisabin zakka, dinari 20 ko giram 85, ya kai wajen naira miliyan 16 a lokacin. Saurayin Gwaram da ya kai riɗinsa kasuwar Sara don haɗa kuɗin aure, farashin da aka yanke a Landan yake bi ko bai sani ba.

Uwar amarya kuwa takan fara da saƙon murya ta WhatsApp zuwa ga ƙanwarta a Jidda, tun kafin a sa rana. Tana tambayar nawa giram yake yau, ko kuɗin da mai shago ya faɗa har da dariba, wato haraji, a ciki, da kuma wace ce za ta zo Umara cikin azumi da za a iya ba ta riƙo.