Me Mai Gudu Zai Yi da Koci?

A duk wasannin motsa jiki babu mai arha kamar gudu. Takalmi ne da hanya, wani ma ko takalmin bai dame shi ba. Jadawalin atisaye kuwa ga shi nan birjik a intanet kyauta, daga na mai son yin kilomita 5 har na mai shirin gudun fanfalaki na kilomita 42. Shi ya sa idan aka ji wani ma'aikaci ko ɗan kasuwa, wanda ba gasar Olamfik za shi ba, yana biyan koci kuɗi duk wata don ya horar da shi gudu, sai a ce kuɗi ne suka yi masa yawa. Wasu kam haka ne. Amma akwai abin da kocin kirki yake sayarwa wanda takarda ba ta da shi, kuma mafi yawansa hani ne: ya ce ka rage, ya ce yau ka zauna a gida.

Eliud Kipchoge na Kenya yana matashi ya tunkari Patrick Sang, wani ɗan yankinsu da ya ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta 1992 a tseren mita 3,000 mai tsallake shinge da ruwa, ya roƙe shi ya rubuta masa abin da zai riƙa yi. Sang ya rubuta. Yaro ya je ya yi, ya dawo neman ƙari. A 2003 ya lashe gasar duniya ta mita 5,000 a Paris, ya ci zinaren gudun fanfalaki na Olamfik a 2016 da 2021, a 2019 kuma a babban birnin Ostiriya ya yi kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, ko da yake hukumar wasannin guje-guje ta duniya ba ta ƙirga wannan a kundin tarihinta ba saboda irin tanadin da aka yi wa gudun. Duk tsawon wannan zamani bai sauya koci ba. Wane ne zai ce Kipchoge bai san gudu ba? Sai dai ko ya sani, ba ya ganin kansa idan yana gudu, kuma mai buri ba ya yi wa gajiyarsa adalci. Kullum gani yake zai iya ƙara kaɗan.

Ido shi ne jarin koci. Colm O'Connell, wani malamin mishan ɗan ƙasar Ailan, ya zo makarantar St Patrick da ke garin Iten a Kenya a 1976 ne don koyar da labarin ƙasa, bai da ilimin horar da 'yan wasa. Da kallo da tambaya ya koya, har ya fito da David Rudisha, wanda ya kafa tarihin duniya na mita 800 a Landan a 2012 da minti 1 da daƙiƙa 40.91.

To me idon yake nema a wurin mutum gama-gari? A ce ga wani ma'aikacin banki mai shekara 42, ya fara tumbi, likita ya ce hawan jini na ƙwanƙwasa masa ƙofa, ya ƙuduri aniyar gudun kilomita 21 nan da wata shida. Koci na gari ba da jadawali zai fara ba. Zai tambayi awa nawa yake barci, ƙarfe nawa yake tashi daga aiki, wane ciwo ya taɓa ji a gwiwa ko baya, wane magani yake sha, yaushe rabonsa da gudu. Zai tura shi wurin likita a duba zuciya. Sannan ya ba shi aikin da zai raina, wataƙila sassarfar minti 20 da ake haɗawa da tafiya, sau uku a mako. Bayan mako biyu ma'aikacin zai turo saƙo cike da murna cewa jiya ya ji ƙarfi, ya ƙara kilomita huɗu a kan abin da aka rubuta. Amsar da zai samu ita ce, "Madalla, Alhaji, to gobe da jibi babu gudu."

Ba mugunta ba ce. Gaɓoɓin jiki ba tare suke sabawa da wahala ba. Zuciya da huhu sukan ƙaru cikin 'yan makonni, mutum ya daina haki ya ji kamar ya koma saurayi. Jijiyoyi da ƙasusuwa kuwa watanni suke ɗauka, domin ginuwarsu a hankali take. A wannan tsakani ne mafi yawan sababbin masu gudu suke jin ciwo: zafin ƙwauri, kumburin agara, ciwon gwiwa, wani lokaci har ƙashi ya yi ƙaramar tsagewa saboda yawan dukan ƙasa. Numfashi na cewa a ƙara, ƙafa ba ta shirya ba. Kuma ƙarfin da ake nema ba a lokacin atisaye yake shiga ba. Atisaye rauni yake yi wa jiki, a lokacin hutu da barci ne jikin yake gyara kansa ya ɗara yadda yake a da.

Akwai wani masani ɗan Amurka da ke koyarwa a Norway, Stephen Seiler, da ya bibiyi yadda zakarun wasannin juriya suke atisaye. Ya gano kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu mai sauƙi ne, irin gudun da mutum zai yi yana hira da na gefensa ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Ragowar ne kaɗai mai tsanani. Wanda ba shi da mai kwaɓa kuwa kusan kullum a tsakiya yake tsayawa: gudun da ya fi ƙarfin a kira shi hutu, bai kuma kai wanda zai ƙara sauri ba. Kullum a gajiye, babu ci gaba. A ganina rabin kuɗin koci a nan yake halatta, domin ba ƙaramin aiki ba ne ka shawo kan babban mutum ya yarda yara su wuce shi a hanya yana kallo.

Idan aka zo ga tirayatalon, gasar da ake haɗa ninƙaya da tseren keke da gudu a jere babu hutu, buƙatar koci ta ninka. An fara ta a sigarta ta zamani a San Diego ta Amurka a 1974. A 1978 aka yi ta farko mai dogon zango da ake kira Ironman a tsibirin Hawai, inda mutum 15 suka tashi, 12 suka ƙarasa: ninƙayar kusan kilomita 4 a teku, keke kilomita 180, sannan cikakken gudun fanfalaki. Ta shiga Olamfik a Sidni a 2000 da zangon kilomita 1.5 a ruwa, 40 a keke, 10 a ƙafa. Wasanni uku ke nan, amma jiki ɗaya ne, mako ma kwana bakwai ne. Wanda ya gallaza wa cinyoyinsa a keke ranar Asabar, da su zai yi dogon gudu ranar Lahadi. Jera waɗannan ta yadda ɗaya ba zai cinye ɗaya ba, a kuma bar wa aiki da iyali nasu kason, lissafi ne da yake sauyawa kowane mako.

Ninƙaya ita ce ta fi tona asirin mai koyon kansa. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, saboda haka ƙaramin kuskure babban birki ne. Sabon shiga yakan ɗaga kai gaba don ya shaƙi iska, da zarar kai ya ɗagu sai ƙugu da ƙafafu su nutse, ya koma jan jikinsa a karkace, yana ta faman bugun ruwa yana shan wuya. Shi a ransa a miƙe yake sambal. Wanda yake tsaye a bakin ruwa ne zai ga haka cikin daƙiƙa goma, ya ce ya kalli ƙasa, ya fitar da numfashi a cikin ruwa, ya juya fuska gefe kawai. Haka keke: sirdi ya yi ƙasa da 'yan santimita, gwiwa ce za ta biya bayan an taka feda sau dubbai.

Sai kuma sauka daga keke zuwa gudu, wanda duk wanda ya taɓa yi ba ya mantawa. Ƙafafu sukan yi nauyi kamar an ɗaura musu buhun gero, taku ya gajarce, mutum ya ji kamar ba nasa ba ne. Masu horarwa sukan sa a riƙa haɗa biyun a atisaye don jiki ya saba. Sun kuma san cewa mafi yawan waɗanda ake gani suna tafiya a ƙasa a zangon ƙarshe ba gudu ne ba su iya ba, a kan keke suka ƙarar da kansu. A doguwar gasa har cin abinci darasi ne: ana so mutum ya riƙa shigar da giram 60 zuwa 90 na abinci mai sukari kowace awa yana cikin tsere, ciki kuwa idan ba a saba masa tun a atisaye ba, ranar gasa zai yi tawaye.

'Yan Norway sun kai wannan lissafi ƙololuwa. Kristian Blummenfelt ya ci zinaren Olamfik a Tokyo a 2021 da kambun duniya na Ironman a 2022, abokin atisayensa Gustav Iden ya lashe ta Hawai a watan Oktoban wannan shekarar. Kocinsu na wancan lokaci, Olav Aleksander Bu, ya riƙa tsayar da su a tsakiyar atisaye a ɗigi jini a auna sinadarin laktet, wanda yake taruwa idan tsoka ta wuce gona da iri. Babban amfanin awon shi ne a tabbatar ba su zarce ƙarfin da aka yanka musu ba.

Yau da yawa daga cikin masu koci na ƙashin kansu ba gari ɗaya suke da shi ba. Agogon hannu yana ɗaukar nisa da sauri da bugun zuciya, manhaja irin TrainingPeaks ta miƙa wa koci, a ƙarasa sauran a WhatsApp. Tsarin yana aiki, amma agogo ba ya faɗin cewa jariri ya kwana kuka, ko an yi tafiyar ta'aziyya ta awa takwas a mota, ko jiki ya fara ɗumi da yamma. A nan mu Hausawa muke da namu cikas. An tarbiyyantar da mu idan aka ce ina gajiya mu ce babu gajiya, idan aka ce yaya jiki mu ce da sauƙi, ko da muna kwance. Wannan ladabi ne a zaure, amma wanda ya kai shi wurin koci ya yi asarar kuɗinsa, domin a kan abin da ka faɗa ake gina mako mai zuwa. Gara ka ce ƙwaurin hagu yana zafi tun Talata, daidai wuri kaza, ya fi tsanani da safe.

Miƙa wuya gaba ɗaya ma haɗari ne. Alberto Salazar ya kasance cikin fitattun masu horar da 'yan gudu a duniya, amma a 2019 aka dakatar da shi shekara huɗu saboda karya dokokin hana amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari, kamfanin Nike ya rufe sansanin da yake jagoranta a Oregon. A wannan shekarar Mary Cain, wadda ta shiga hannunsa tana yarinya mai tashe, ta fito ta bayyana yadda aka matsa mata ta rage nauyi har al'adarta ta ɗauke shekara uku, ƙasusuwanta biyar suka karye. Kocin da yake wulaƙanta mutum a kan ƙiba, ko yake ce a yi gudu a kan ciwo, ko yake miƙo wasu ƙwayoyi da allurai, ko ya fusata don an tambaye shi dalilin wani atisaye, ba wurin zama ba ne. Takardar shaida daga hukumomin wasanni tana da amfani, amma a tambayi waɗanda suka yi shekara a hannunsa ko ƙafafunsu lafiya.

Wanda yake Kano ko Sakkwato ko Yamai kuma ya ɗauki koci daga Turai, to sai ya zama malamin kocinsa a wasu abubuwa. Jadawalin da aka rubuta don sanyin Landan ba zai yi a watan Afrilu ba, lokacin da zafi yake kaiwa digiri 40. Zafi ba ya jin kunyar gwani: a 2016 a Meziko, Jonny Brownlee na Birtaniya yana kan gaba daf da layin ƙarshe zafi ya jirkita shi yana tangaɗi, sai da yayansa Alistair ya riƙo shi ya kai shi. Jiki yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da atisaye cikin zafi, kuma ko ya saba, bayan sallar asuba ne lokacin gudu. Akwai ƙurar hunturu ga mai asma. Akwai azumi, inda hikima ita ce a rage nauyin aiki a mayar da mai tsananin bayan buɗa-baki. Akwai zazzaɓin cizon sauro, wanda ba a gudu da shi ko kaɗan. Mai jinin AS ya kamata ya faɗa tun ranar farko, domin wahala mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa ta fi yi masa haɗari. Mai neman wurin ninƙaya kuma ya san cewa dam da kududdufi da yawa suna ɗauke da tsargiya.

Ba kowa ne yake buƙatar duk wannan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici take ba baligi shawara a mako, wanda kuwa wannan ne burinsa abokin tafiya ya ishe shi. Koci na mai ranar da yake hari ne, ko wanda ciwo ya yi ta dawo masa, ko wanda ya shekara yana gudu bai gusa ba. Mai son shiga gudun fanfalaki na Legas, wanda aka fara a 2016 kuma aka saba yi a watan Fabrairu, yana buƙatar mako 16 zuwa 20 na shiri idan dama ya saba gudu, makonni biyu ko uku na ƙarshe kuma na sassautawa ne. Ke nan tun watan Oktoba ya kamata a ce sun zauna da kocinsa.