Daga Zangouettin zuwa Dassasgho: yadda Bahaushen Wagadugu zai bi sawun kakanninsa

Tambayi matashi Bahaushe a Dassasgho, a gabashin birnin Wagadugu, daga ina gidansu suka fito. Nan take zai ce maka, "Mu asalinmu Kano ne," ko Katsina, ko Gobir. Ka ƙara tambaya: wane ne ya fara zuwa, a zamanin wane sarki, kuma me ya kawo shi? A nan yawanci magana take tsayawa.

Laifin ba na matasa kaɗai ba ne. Tsohuwar unguwar da ta riƙe wannan tarihi babu ita yanzu, dattawan da suka tashi a cikinta kuma suna ta raguwa. Abin bai tsaya ga sha'awar sanin tarihi ba. Wanda ya je neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa za a nemi takardar haihuwarsa da ta iyayensa. Wanda ake rabon gado da shi zai so ya san wa ya haifi wa. Wanda kuma ake kira baƙo a garin da aka binne kakan kakansa, ya kamata ya sami amsar da zai bayar. Ga bayanin inda ake farawa, da inda za a iya samun hujja.

Me ya kawo Hausawa ƙasar Moshi?

Amsa a taƙaice ita ce goro. Littafin Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15. A ƙarni na 19 wannan fatauci ya bunƙasa sosai. Ayari kan tashi daga Kano, Katsina, Sakkwato ko Jega da kanwa, tufafin rini, fatu da dabbobi, ya ƙetare kogin Kwara, ya yi watanni a hanya kafin ya isa Salaga, babbar kasuwar goro da ke arewacin Ghana ta yau. Wata hanya takan bi ta Nikki da Djougou da Sansanne-Mango. Wata kuma takan ratsa ƙasar Gurma ta shiga ƙasar Moshi, ta Fada N'Gurma da Kupela da Tenkodogo. Wagadugu, fadar Mogho Naba, tana haɗe da wannan hanya, kuma ƙasar Moshi ta yi suna wajen jakuna da sawaye, abubuwan da fatake ke buƙata.

Duk inda ayari ya saba yada zango, wasu sukan zauna: mai masauki, malami, mahauci, wanzami, marini. Da haka zango yake zama unguwa. A Wagadugu, Hausawa sun tarar da Yarse, 'yan kasuwa Musulmi masu asalin Mande, sun riga su zama. Unguwar da Hausawa suka kafa ita ce Zangouettin, sunan da ke nufin wurin Hausawa a harshen Moore. Hausa ta yi ƙarfi a wannan hanya har Bajamushen nan Gottlob Adolf Krause, wanda ya iso Wagadugu daga Salaga a 1886, da sunan Malam Musa aka san shi.

Ba kowa ne ya zo a wancan zamani ba, kuma wannan yana da muhimmanci ga mai bincike. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake zuwa garuruwa daban-daban. Faɗuwar Kano da Sakkwato a hannun Ingilishi a 1903 ta sa mutane da yawa barin gida. Yunwar 1913 zuwa 1914 ta kori wasu. A ƙarshen 1969 gwamnatin Kofi Busia ta kori baƙi marasa takardu daga Ghana. Farin 1973 zuwa 1974 ya taso da mutane daga Nijar. Saboda haka gidaje biyu maƙwabta a Dassasgho za su iya kiran kansu Katsinawa, alhali tsakanin zuwan kakanninsu akwai shekara 80.

Unguwar da aka rushe

Zangouettin tana tsakiyar birni ne, tsakanin yankin babbar kasuwa da filin jirgin sama. A 2003 aka rushe ta tare da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, irin su Tiedpalogo da Peuloghin, a ƙarƙashin shirin ZACA na gina cibiyar kasuwanci da ofisoshi. Dubban mutane ne suka tashi. An ware filaye a Ouaga 2000 da Nioko 1, wasu iyalai kuma suka watsu cikin sauran unguwannin birni.

Abin da aka rasa ya wuce gine-gine. A da, yaro yana iya koyon tarihin gidansu ta hanyar tafiya a layi kawai: ga zauren wane, ga masallacin wane, ga gidan da baƙin Kano ke sauka. Yanzu wannan taswira tana cikin kawunan mutane ne. Bayan shekara 6 kuma, ambaliyar ranar 1 ga Satumba 2009 ta rusa dubban gidaje a birnin, ta tafi da takardu da hotunan iyalai da dama. Shi ya sa binciken asali a Wagadugu daga bakin mutane yake farawa, takarda ta biyo baya.

Mataki na farko: zama da dattawa

A fara da wanda ya fi kowa tsufa a dangi, kada a jira wani biki ko hutu. A je da goro, a gaisa yadda ya kamata, a nemi izini kafin a kunna na'urar ɗaukar murya ta waya. Tambaya mai faɗi irin "Baba, ba ni tarihinmu" ba ta cika haifar da komai ba. Ƙananan tambayoyi sun fi amfani: "Baba, wa ya fara zuwa garin nan a gidanmu? Gidan wa ya sauka? Wace sana'a yake yi? Wa ya aura? Ina aka binne shi?"

Kada a tsallake mata. Goggo da Inna da Kaka su ne suka san aurarraki, da wanda aka ba riƙo, da wanda aka sha nono tare da shi. Sai dai akwai alkunya: tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ko na ɗan farinta ba. Kada a matsa mata. A tambayi ƙanwarta ko aminiyarta, ko a rubuta sunan da aka ji a wani wuri a karanta mata ta gyaɗa kai.

A rubuta kowane mutum da sunan yanka da laƙabinsa. Hausawa suna maimaita suna, jika ya ci sunan kaka, don haka gida ɗaya zai iya samun Abubakar 4. Laƙabi ne ke raba su, kuma shi kansa hujja ne. Madugu shi ne shugaban ayari, Jagaba mai tafiya gaba, Uban Dawaki kuma yana cikin manyan masu tafiyar da ayarin. Wanda aka ce kakansa Ba'agale ne, ko cikin Tokarawa ko Kambarin Barebari, ya sami babbar alama, domin waɗannan rukunoni uku su ne suka fi shahara a fataucin goro na ƙarni na 19. Zanen fuska ma yana magana: na Gobirawa daban, na Kabawa daban, na Zamfarawa daban. In akwai tsohon hoto, a nuna wa dattijon wanzami.

Yadda ake gano shekara

Dattijo ba zai ce 1918 ba, amma zai iya cewa an haifi mahaifinsa shekarar Marisuwa, wato annobar murar da ta game duniya a wannan shekara. Aikin mai bincike shi ne ya haɗa labari da abin da aka san ranarsa. Sojojin Faransa ƙarƙashin Voulet sun shiga Wagadugu ranar 1 ga Satumba 1896, zamanin Mogho Naba Wobgo. An soke aikin tilas a 1946. Jirgin ƙasa daga Abidjan ya iso Wagadugu a 1954. An sami 'yancin kai ranar 5 ga Agusta 1960. Maurice Yaméogo ya sauka daga mulki ranar 3 ga Janairu 1966. Thomas Sankara ya hau a 1983, sunan ƙasa ya koma Burkina Faso a 1984. In Kaka ta ce an yi aurenta damina biyu kafin zuwan jirgi, ka san kana maganar wajen 1952 ne.

Mataki na biyu: takardun gida

Kafin a je kowane ofishi, a buɗe akwatin gida. Akwai tsofaffin katin shaida, rasidin haraji, takardar fili irin permis urbain d'habiter, fasfon aikin Hajji, da hotuna masu tambarin mai hoto a baya. A gidajen malamai, a duba bangon littattafai da ƙarshensu. Masu kwafe littafi sukan rubuta sunansu da na mahaifinsu da garinsu, wasu kuma suna rubuta haihuwa da rasuwa da ajami. Wasiƙun da aka yi musaya da 'yan uwa a Kumasi, Yamai ko Kano suna nuna reshen dangin da aka manta. A ɗauki hoton kowace takarda, a mayar wa mai ita.

Abu biyu sukan ruɗa mutane a takardun hukuma. Na farko, yawancin tsofaffi ba a yi musu rajista ranar haihuwa ba. Daga baya ne aka yi musu jugement supplétif, inda aka rubuta né vers da shekarar da aka ƙiyasta. Wannan shekara kintace ce, tana iya kaucewa. Na biyu, magatakarda sun rubuta sunaye da ƙa'idar Faransanci, kuma kowa da yadda kunnensa ya ji: Usman ya zama Ousmane, Muhammadu ya zama Mahamadou ko Mamadou. Tsarin Faransa yana neman sunan iyali, abin da Hausawa ba su saba da shi ba, don haka wa da ƙane sukan fito da suna daban: ɗaya da sunan uba, ɗaya da na kaka ko na sana'a. A nemi kowane suna da duk rubutun da zai yiwu.

Mataki na uku: ma'ajiyar hukuma

A nan sai an san tarihin iyakoki. Daga 1904 Wagadugu tana cikin Haut-Sénégal et Niger, wadda aka mulka daga Bamako. An kafa Haute-Volta a 1919, aka rushe ta a 1932, aka sake haɗa ta a 1947. A cikin waɗannan shekaru 15, Wagadugu tana ƙarƙashin Côte d'Ivoire, Fada N'Gurma da Dori kuma suna ƙarƙashin Nijar. Ma'ana, takardun da suka shafi gari ɗaya suna iya kasancewa a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Wagadugu, ko a Abidjan, Yamai da Bamako, ko a Dakar inda aka ajiye na gwamnatin Afirka ta Yamma ta Faransa, ko a Aix-en-Provence ta ƙasar Faransa. Wanda sawunsa ya koma arewacin Najeriya, akwai ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da Arewa House, duka a Kaduna.

Kada a sa rai da yawa. Waɗannan takardu na masu mulki ne, sun fi ambaton sarakunan unguwa, limamai, manyan 'yan kasuwa da waɗanda suka shiga shari'a. Ko sunan kakanka bai fito ba, za ka fahimci zamanin da ya rayu. Littattafan masana ma suna taimakawa: na Paul Lovejoy kan fataken goro (1980), na Mahdi Adamu kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma (1978), da na Elliott Skinner kan birnin Wagadugu (1974). A kula kuma da adireshi, domin lambobin sassan birnin sun canja: daga sassa 30 na zamanin Sankara zuwa 55 na yanzu.

Abin da bincike zai iya tonowa

Mai neman asali ya shirya jin abin da bai zata ba. A zango, sunan Bahaushe ya rufe mutane da yawa: Barebari, Nufawa, Zabarmawa da Buzaye da suka ɗauki harshen da al'adar. Fatake da dama sun auri 'yan ƙasa, don haka kakarka tana iya zama 'yar Moshi, Yarse ko Gurma. Wasu kakannin kuma a matsayin bayi suka iso, suka 'yantu, suka kafa gidaje. Babu abin kunya a ko ɗaya daga ciki, amma sirrin iyali ne, a nemi yardar dangi kafin a yaɗa shi a Facebook ko WhatsApp.

A guji ƙawata labari. Ba kowane gida ne ya fito daga sarauta ba. Inda dattawa biyu suka saɓa, a rubuta maganar kowa da sunansa da ranar da ya faɗa. Gwajin ƙwayoyin halitta da ake tallatawa a intanet kuma ba zai gaya maka garin kakanka ko unguwarsa ba.

Aikin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: littafin rubutu, waya, da haƙurin zama. In an gama, a yi kwafi da Hausa da Faransanci don yaran da ba sa karanta Hausa su amfana, a raba wa gidaje uku ko huɗu don kada gobara ko ruwa su tafi da shi gaba ɗaya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Wanda yake da kaka ko goggo da ta tashi a Zangouettin, ya kai mata gaisuwa a wannan mako, ya tafi da tambayoyinsa.